Toshewar jijiyoyin jini na kwatangwalo: yadda ake buɗa su da balan-balan da ragar ƙarfe

Akwai wani irin ciwon ƙafa mai ƙa'ida. Mutum zai tashi lafiya lau ya kama hanya, da ya ci wani ɗan zango, a ce daga gida zuwa masallacin unguwa ko bakin titi, sai mazaunai da cinya su ɗaure, ƙafa ta yi nauyi, tilas ya ja ya tsaya. Minti biyu ko uku yana tsaye, ciwon ya wuce kamar ba a yi ba. Ya sake kama hanya, ya ci zango irin na ɗazu, ciwon ya dawo. Da yawa sukan ce sanyi ne, ko ciwon ƙugu, ko girma ne ya zo. In abin ya haɗa da raunin mazakuta, sai a ɗora wa basir laifi, a shiga jiƙe-jiƙe. Alhali ga wasunsu matsalar tana can cikin kwatangwalo, inda manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙafafu suka ƙuntace.

Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, wadda ake kira awota, tana gangarowa ta ƙirji da ciki, jingine da ƙashin baya. Daidai saitin cibiya sai ta rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Waɗannan rassan su ne jijiyoyin iliyak. Kowane reshe kan yi tafiyar 'yan santimita kaɗan ya sake rabuwa biyu. Na ciki yana nutsawa cikin kwatangwalo ya shayar da mazaunai, mafitsara, dubura da al'aura. Na waje yana bi ta matsematsi ya shiga cinya, kuma shi ne babbar hanyar jinin ƙafa har zuwa yatsu. Inda toshewa ta zauna, shi ke nuna inda mutum zai ji ciwo. In a cinya take, sha-raɓa ke ɗaurewa. In a kwatangwalo take, ciwon kan faro daga mazaunai da kwankwaso da cinya, shi ya sa ake yawan rikita shi da ciwon baya.

Abin da ke toshe jijiyoyin ba baƙo ba ne, shi ne dai wanda ke toshe na zuciya da na ƙwaƙwalwa. Kitse da ƙwayoyin kumburi kan taru cikin bangon jijiya a hankali, shekara da shekaru, daga baya alli ya sauka a kansu su sandare, hanya ta yi ta tsukewa. Hawan jini, ciwon suga, yawan kolestarol, ciwon ƙoda da shekaru duk suna da hannu. Amma a wannan yanki na awota da iliyak, taba sigari ce uwa uba, kuma masu irin wannan toshewa sukan zo da ƙarancin shekaru fiye da waɗanda tasu take ƙasa da gwiwa, wadda aka fi gani ga masu suga. An ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 200 a duniya ke da toshewar jijiyoyin ƙafa, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wani likitan tiyata Bafaranshe, René Leriche, ya bayyana siffar mafi tsananin wannan toshewa tun 1923, ya kuma faɗaɗa bayanin a 1940. Har yau da sunansa ake kiran haɗuwar alamomi uku: ɗaurewar mazaunai da cinya yayin tafiya, raunin mazakuta, da ɓacewar bugun jijiya a matsematsi.

Dalilin da ciwon ke zuwa da tafiya kawai mai sauƙi ne. In mutum na zaune, ɗan jinin da ke kurɗawa ta tsukakkiyar hanya da ƙananan jijiyoyin gefe ya ishi tsoka. Da ya fara tafiya buƙatar tsoka ta ninka, hanya ta gaza kawowa, tsoka ta yi ƙorafi. Wannan shi ne mataki na farko, kuma yawancin masu shi a nan suke zama tsawon shekaru. Mataki na gaba shi ne wanda ko a kwance jinin bai isa ba. Yatsu da tafin ƙafa su riƙa zogi da dare, har mutum ya gano da kansa cewa in ya zuro ƙafar ƙasa daga gado yana samun sauƙi. Daga nan sai gyambon da ba ya warkewa, sai yatsa ya yi baƙi. Bambancin waɗannan matakai biyu shi ne ginshiƙin duk wata shawara da za a yanke, kuma zan dawo kansa.

Binciken farko ba ya buƙatar wata na'ura. Likita ya ɗora yatsunsa a matsematsi ya ji ko jijiya na harbawa, ya kwatanta dama da hagu. Abin takaici ne yadda mutum kan yi ta yawon hoton ƙashin baya wata da watanni ba wanda ya taɓa masa wannan wuri. Bayan haka sai a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na hannu. Daga 1.0 zuwa 1.4 lafiya ce, 0.9 ko ƙasa da haka alamar toshewa ce. Awon yana da tarko biyu. Mai toshewar kwatangwalo kan iya fitowa daidai in yana hutawa, sai an sa shi tafiya an sake aunawa lambar ke faɗuwa. Mai suga ko ciwon ƙoda kuwa jijiyarsa kan yi tauri ta ƙi matsuwa, lambar ta haura ta ƙarya, sai a koma auna ta babban yatsa. Daga nan sai sikanin na Dofla mai nuna yadda jini ke gudu, sannan hoton siti ko na emar'ai da ke zana taswirar jijiyoyin kafin a taɓa komai. Wata tambaya ɗaya kan taimaka wajen rarrabewa da ciwon laka: mai matsalar ƙashin baya tsayuwa kaɗai kan tayar masa da ciwo, sai ya zauna ko ya sunkuya yake samun sauƙi, mai toshewar jini kuwa tsayawa cak ta ishe shi.

Asalin aikin

Kafin shekarun 1960 magani ɗaya ne ga mai toshewa mai tsanani, wato wuƙa, ko a gyara jijiya ko a yanke ƙafa. A 1953 wani likitan hoto ɗan Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da dabarar shiga jijiya ba tare da yanka ba: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, a bi kan wayar da tiyo. Duk aikin da muke magana a kansa a kan wannan dabara ya tsaya. Ranar 16 ga Janairun 1964, a birnin Portland na Amurka, Charles Dotter ya yi amfani da ita ya buɗa tsukakkiyar jijiyar cinyar wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Tiyo-tiyo ya riƙa turawa, ƙarami sannan babba, har hanya ta buɗe. Ƙafar ta tsira, jijiyar kuma ta zauna a buɗe har rasuwar matar bayan shekara biyu da rabi. Likitocin tiyata na Amurka ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba, a Turai ya fi samun gindin zama. A can ne Andreas Grüntzig, Bajamushe mai aiki a Zurik ta Suwizalan, ya haɗa tiyo mai balan-balan a bakinsa, wanda na farkonsa a kicin ɗin gidansa aka ƙera su. Ya yi amfani da shi a jijiyar ƙafa a 1974, a ta zuciya a 1977. Ragar ƙarfe, wato sitent, ta biyo baya ta hannun Julio Palmaz, ɗan Ajantina da ke aiki a San Antonio ta jihar Texas. An fara sa ragarsa a jikin mutum a 1987, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita don jijiyoyin ƙafa a 1991, shekara uku kafin ta amince da irinta ta zuciya.

Yadda ake yi

Ba a cika sa mutum barci ba. Allurar kashe wuri ake yi a matsematsi, a ƙara ɗan maganin kwantar da hankali. Da taimakon sikanin a soki jijiyar cinya, a sa wani ɗan gajeren tiyo da kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, shi ne ƙofar da komai zai bi. Wani lokaci ta gefen da ya toshe ake shiga a hau sama, wani lokaci ta ɗaya gefen a zagaya ta kan mararrabar awota a gangaro, wani lokaci kuma ta hannu. A ba da hefarin don kada jini ya daskare a kan kayan aiki, a tura ruwan hoto mai ayodin, jijiyoyin su bayyana a allo.

Abin da ya fi wuya shi ne ƙetare toshewar da waya. In tsukewa ce kawai, minti kaɗan ne. In hanyar ta rufe ruf tsawon santimita da yawa kuma ta yi tauri, likita kan shafe awa yana lalube, wani zubin ya bi ta cikin bangon jijiyar ya sake faɗowa hanya a gaba. Da waya ta ƙetare, sai a bi kanta da balan-balan a hura shi da ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci. Mutane da yawa suna zaton balan-balan ɗin yana kwashe dattin ne. Ba ya kwashe komai. Tsaga taurin yake yi, ya danna shi jikin bango, ya miƙar da bangon. Shi ya sa bayan an sace shi abu biyu kan faru: ko jijiyar ta sake tsukewa nan take, ko wani ɓawon bango ya ɗago ya tare hanya. A nan ragar ƙarfe ke shigowa, ta tokare bangon kamar yadda ake jera kwalbati a rijiya don kada ƙasa ta rufta. Ba a cire ta. Cikin makonni zuwa watanni fatar cikin jijiya kan lulluɓe ta. In ana shakkar ko tsukewa ta isa a taɓa, ko an buɗa ta sosai, sai a auna ƙarfin jini sama da ita da ƙasa da ita, bambancin da ya wuce kamar maki 10 yana nuna akwai sauran cikas.

Barin mutum ido biyu yana da wata fa'ida. Yayin hura balan-balan zai ji ciwo a mara ko baya, alamar bango ya miƙe, kuma ciwon kan tafi da an sace shi. In ciwon ya ƙi tafiya, ƙarfin jini kuma ya fara sauka, likita ya san jijiya ta fashe tun kafin hoto ya nuna.

Ragar iri-iri ce. Akwai wadda ke ɗaure a kan balan-balan, shi ke buɗa ta. Tana da ƙarfin tokara, tana zama daidai inda aka ajiye ta, don haka aka fi son ta a bakin reshen farko kusa da awota, inda tauri ya fi yawa kuma kuskuren 'yan milimita na iya tare ɗaya gefen. Akwai wadda ke buɗe kanta da an zare kubenta, ana yin ta da nitinol, haɗin nikel da titaniyam. Tana lanƙwasa tana komawa, don haka ta fi dacewa da reshen waje mai karkace-karkace da ke motsi da kwankwaso. Faɗinsu yawanci milimita 7 zuwa 10 ne. Sannan akwai mai riga, wadda aka lulluɓe da wani siririn yadi na roba. In toshewar ta kama mararrabar kanta, sai a sa raga biyu lokaci guda, dama da hagu, kawunansu na jingine da juna cikin awota, a hura su tare don kada ɗaya ta murƙushe ɗaya.

An daɗe ana muhawara ko kowa za a sa wa raga. Wani gwaji da aka yi a Holan kan mutum 279, aka wallafa a 1998, ya kwatanta sa raga ga kowa da yin balan-balan kaɗai sai inda sakamako bai gamsar ba. Kashi 43 cikin 100 ne kawai na rukuni na biyu suka buƙaci raga, sakamakon rukunan biyu kuma ya zo kusan ɗaya. Sai dai yawancin waɗancan gajerun tsukewa ne masu sauƙi. Ga hanyar da ta rufe gaba ɗaya, kusan kowa raga yake sawa kai tsaye, don balan-balan kaɗai kan ɓantaro gutsattsari su gangara ƙafa. Gwajin COBEST na Ostiraliya, 2011, ya nuna raga mai riga ta fi daɗewa a buɗe a toshewa mai tsawo da sarƙaƙiya, amma a mai sauƙi babu wani bambanci. Tana da tsada, kuma in ta rufe bakin reshen ciki, mutum na iya fita da ciwon mazaunai ko raunin mazakutar da bai shiga da shi ba.

Wa ya kamata a yi wa

Ga wanda ƙafarsa ke zogi da dare, ko yake da gyambo ko ruɓewa, babu dogon zance: a buɗa hanya da wuri, jinkiri ƙafa yake ci. Musamman mai suga da aka ce za a yanke masa ƙafa, haƙƙinsa ne ya tambaya ko an duba jinin da ke isa wurin, domin ko yankewar ma ba ta warkewa in hanyar sama a toshe take.

Ga mai ɗaurewar tafiya kaɗai, lissafin daban ne. Kaɗan ne cikin irinsu ke kaiwa ga rasa ƙafa, don haka aikin ba ceton ƙafa ba ne, neman sauƙin rayuwa ne. Gwajin CLEVER da aka yi a Amurka da Kanada, aka wallafa a 2012, ya raba mutum 111 masu toshewar awota da iliyak gida uku: magani kaɗai, magani da raga, magani da atisayen tafiya ƙarƙashin kulawa sau uku a mako. Bayan wata shida, lokacin da masu atisaye ke iya tafiya a kan na'ura ya ƙaru da minti 5.8, na masu raga da 3.7, na masu magani kaɗai da 1.2. Amma da aka tambaye su yadda suke ji a rayuwar yau da kullum, masu raga sun fi nuna gamsuwa. Bayan wata 18 ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin raga da atisaye ba, dukansu kuma sun fi magani kaɗai. A ganina darasin a fili yake. Wanda likita ya nuna wa hoto ya ce gobe a sa raga, bai tambaye shi ko yana shan taba ba, bai ba shi wata uku na tafiya ba, an yi masa gaggawa. Atisayen ba wani abin kuɗi ba ne: a yi tafiya har ciwon ya kama sosai, a tsaya ya wuce, a ci gaba, minti 30 zuwa 45, sau uku a mako, aƙalla mako 12. Amma wanda abincinsa ke kan ƙafarsa, manomi ko ɗan dako ko mai talla, ya gwada wannan bai samu sauƙi ba, bai kamata a yi ta ja masa rai ba, domin duk cikin jijiyoyin ƙafa babu inda raga ke daɗewa kamar iliyak. Hanyar na da faɗi, jinin da ke bi ta ciki na da ƙarfi.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ayyukan kan yi nasara a teburin aiki. Bayan shekara biyar, galibin rahotanni na nuna kusan kashi 70 zuwa 80 suna nan a buɗe ba tare da an sake taɓawa ba. Babbar tiyata, wadda ake buɗe ciki a ɗinka jijiyar roba mai ƙafa biyu daga awota zuwa matsematsi, ta fi haka, tana kai 85 zuwa 90. Farashinta shi ne barcin tiyata, kwanaki a asibiti, makonni ana jinya, da haɗari mafi girma ga zuciya da huhu, ga mutanen da dama zuciyarsu ba ta cika lafiya ba. Ragar da ta tsuke kuwa yawanci ana iya sake buɗa ta ta hanyar allura. Rabe-raben da aka fitar a 2007, mai sanya toshewa aji huɗu daga A zuwa D, ya bar aji na ƙarshe ga tiyata, amma yau cibiyoyi da yawa da raga suke farawa ko a can. Tiyata ta rage ga mai sauran ƙuruciya da ƙarfin jiki wanda toshewarsa ta yi yawa, ko wanda raga ta gaza masa. Wuri ɗaya da har yanzu wuƙa ta fi rinjaye shi ne jijiyar matsematsi kanta, inda cinya ke naɗewa. In ita ma ta toshe, akan tsaga ta a kankare, sannan a sa raga a sama a zama guda.

Batun mazakuta na buƙatar gaskiya. Wasu kan ga sauƙi bayan an buɗa hanya, musamman in jini ya koma reshen ciki. Amma suga, taba, magunguna da lalacewar ƙananan jijiyoyi duk suna da nasu rabon, kuma hujjar sa raga don wannan matsala kaɗai ba ta da ƙarfi. Duk wanda ya yi alkawarin warkewa ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

Matsalar da aka fi gani bayan aiki a wurin huda take: tarin jini, ko wani ƙullutu mai harbawa. Sai ɓawon bango da ke ɗagowa, sai gutsattsarin da ke gangarawa su toshe ƙananan jijiyoyin ƙafa. Fashewar iliyak ba ta da yawa amma tana kisa, domin jinin a ɓoye yake zuba bayan hanji, don haka bai dace a fara aikin ba sai da raga mai riga a ajiye kusa. Ruwan hoto kan taɓa ƙoda mai rauni, shi ya sa ake gwajin ƙoda tukuna, a ƙara ruwa, a dakatar da maganin suga na metfomin na ɗan lokaci ga wanda ƙodarsa ba ta da ƙarfi, wasu wuraren ma iskar kabon dayoksaid suke turawa a madadinsa. Bayan an gama, mutum kan kwanta a miƙe awa 4 zuwa 6 in da hannu aka danne hudar, ya koma gida ran nan ko washegari.

Ragar ta gyara 'yan santimita ne, cutar kuwa tana ko'ina cikin jiki. Abin da ya fi kashe masu wannan larura ba ƙafa ba ce, bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka asfirin ko kilofidogirel masu hana jini daskarewa, da maganin kolestarol na rukunin sitatin ko da awon mutum bai haura ba, da riƙe hawan jini da suga, ba ƙari ba ne a kan aikin, da aiki da babu aiki ana buƙatarsu. Wasu akan haɗa musu asfirin da ƙaramin awo na maganin tsinka jini ribarokzaban, miligiram 2.5 sau biyu a rana, in haɗarin zubar jini bai yi yawa ba. Maganin silostazol na ƙara nisan tafiya, amma ba a ba mai gazawar zuciya. A ƙasashenmu, inda ɗakunan wannan aiki ba su da yawa, suna manyan birane, kuma galibi daga aljihu ake biya, abin baƙin ciki shi ne a haɗa kuɗi da ƙyar a sa raga, sannan bayan wata biyu a daina sayen ƙwayoyin da ba su kai ta tsada ba, ko a koma wa taba. Mai ci gaba da shan taba ragarsa ta fi saurin toshewa.

Akan bi mutum da awon idon sawu da sikanin, musamman a shekarar farko, lokacin da naman da ke tsirowa cikin raga ya fi tsuke ta. Dawowar ciwon tafiya a hankali alamar hakan ce, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba da ba. Amma in ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta yi fari, ta mutu ko ta ƙi motsi, ga ciwo mai tsanani, wannan gudan jini ne ya rufe hanya. Tsoka da jijiyoyin motsi kan fara mutuwa cikin kamar awa shida, don haka ko tsakar dare ne a nufi babban asibitin da ke da likitan jijiyoyin jini, a faɗa musu tun daga ƙofa cewa akwai raga a kwatangwalo.